Arzika ɗan Nomau da Tsuntsayen Tsibiran Murhu

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya danne ta da duwatsu, ya zuba teku ya yi mata iyaka, ya yanka wa kowane mai rai makwancinsa da abincinsa. Bayan haka, ya kai mai sauraro, ka gyara zama ka ba ni hankalinka. Ni ne Arzika ɗan Nomau, haifaffen Tudun Marke, wanda ya ratsa ƙasashe bakwai da ƙafa, ya keta teku da kwalekwale, ya fita neman abin da zai rayar da gonaki, ya samu, ya kuma ƙare rayuwarsa yana da-na-sanin samunsa.

Ina da shekara ashirin da shida ƙasarmu ta gaji. Ba fari ba ne, ruwa yana sauka a kan kari, ƙasar ce kawai ta daina amsawa. Gero ya tsaya iya gwiwa, dawa ta fid da kai kamar bakin tsintsiya. Shekara uku a jere rumbun mahaifina bai kai mu bazara ba. Sai na ɗauki gora da sanda, na rantse ba zan dawo ba sai da maganin ƙasa.

Na bi ta Dajin Ƙaho, inda itatuwa ke sunkuyowa su shinshini matafiyi kafin su ba shi hanya. Na haye Kogin Juyi, wanda ke gudu gabas da safe ya koma yamma da la'asar. A kowane gari na tambayi tsofaffi, kowa ya nuna mini gaba, har na isa Bakin Gishiri, birnin da ke gaɓar teku. A can wani tsoho mai tufkar igiya ya kwance ƙullin tsumma ya nuna mini wata farar ƙasa mai wari. Ya barbaɗa kaɗan a gindin kabewar da ya shuka a tsakar gida. Bayan kwana bakwai na dawo na tarar kabewar ta haye rufin ɗaki tana leƙa gidan maƙwabta.

"Baba, ina ake samun wannan?"

"A Tsibiran Murhu, wai," in ji shi. "Can inda rana ke faɗuwa. A cikin wani kwalekwale da ruwa ya turo na tsince ta. Kowa ya san sunan wurin, ba wanda ya san hanyarsa."

Na sami wani mai jirgin fatauci da ke bin yamma, sunansa Korau. Dogon mutum ne mai sanyin murya, ban taɓa jin ya ɗaga ta ba. Ya ɗauke ni aikin jan ruwa da guga don wanke jirgi. Muka yi kwana ashirin iska na tura mu, sannan ta ɗauke cak. Kwana goma sha ɗaya jirgi yana tsaye kamar an dasa shi, ruwan sha yana ƙarewa. Matuƙa suka fara cewa baƙon tudu ne ya shigo musu da baƙin jini. Ranar da suka yanke shawarar jefa ni a teku, Korau ya zo ya dafa kafaɗata.

"Ɗan tudu, mutanena sun ce ko kai ko su. Ka yi haƙuri."

To, ni mai jan ruwa ne, na lura da abin da ba wanda ya lura da shi. Idan na jefa guga ta dama, ruwan ɗumi nake jawowa. Idan na jefa ta hagu da nisa, ruwan yakan zo da sanyi kamar na sabuwar randa, igiyar kuma takan karkata, alamar ruwan tafiya yake yi. Na ce masa, "Maigida, in kuka jefa ni da hannunku, alhakina zai bi jirgin nan har inda ya je. Ku ba ni ƙaramin kwalekwalen in tafi da kaina, kun ga kun fita."

Maganar ta shige su. Suka sauke mini kwalekwale da gorar ruwa guda. Na tuƙa zuwa hagu har na ji sanyi ta jikin katako, nan take ruwan ya ɗauke ni kamar kogi a tsakiyar damina. Ashe kogi ne na gaske, kogin sanyi mai gudu a cikin tekun zafi.

Rana ta uku, ƙishirwa ta fara rufe mini ido, sai na ga tsuntsaye suna tashi a ƙarƙashina. Ban yi kuskuren faɗa ba, a cikin ruwa suke tashi, suna kaɗa gajerun fukafukai, suna wuce kwalekwalena kamar kibau. Bayansu baƙi, cikinsu fari. Na bi inda suka nufa har tsibirai uku suka bayyana, baƙaƙe, a zaune kamar duwatsun murhu, na tsakiyar yana fid da siririn hayaƙi. Na ja jiki na hau tudu na faɗi.

"Ɗan nan, janye ƙafarka. Ka toshe wa mutane ƙofar gida."

Na buɗe ido na ga wata tsohuwa, gajera, da sanda a hannu. Kusa da ita ga ɗaya daga tsuntsayen nan a tsaye a kan ƙafa biyu kamar mutum, tsawonsa bai wuce gwiwata ba, yana harara ta. Na janye ƙafa. Ya wuce yana rangaji ya shige wani rami da diddigena ya rufe. Daga ciki na ji ya saki kuka irin na jaki sak.

Tsohuwar ita ce Inna Hakama, mai kula da tsuntsayen, kamar yadda uwarta ta yi kafin ita. Matafiyan teku suna kiran tsuntsun fengwin. Ta shayar da ni, ta kai ni ƙauyensu na masunta, gida sittin da 'yan kai. Na zauna da su shekara guda, kullum ina biye da ita.

A wurinta na san cewa asalin tsuntsayen nan na ƙasashen ƙanƙara ne, kogin sanyin nan kaɗai ya sa suke iya zama inda rana ke dafa dutse. Shi ke kawo musu ƙananan kifaye. Na ga yadda suke haki da tsakar rana, suna buɗe fukafukai don iska ta ratsa su, suna sunkuyawa su yi wa ƙafafunsu inuwa don kada su ƙone. Miji da mata ba sa rabuwa. Ƙwai biyu suke yi, ɗaya ya kwanta a kai, ɗaya ya tafi kamun kifi, su yi canji. Da yamma idan suka dawo daga ruwa, gaɓar takan cika har ba ka ganin dutse, kukansu ya hana mutum jin maganar na kusa da shi.

Suna yi wa mutanen wata hidima kuma. Duk bayan 'yan shekaru kogin sanyi yakan mutu na wani lokaci, teku ta yi ɗumi, kifi ya gudu. Tsuntsayen kan ji zuwan abin tun da wata uku ko huɗu, sai su ƙi yin ƙwai. Inna Hakama takan zaga ramuka kowace safiya tana leƙawa. Ranar da ta ga ramuka babu ƙwai a lokacin ƙwai, sai ta je ta faɗa wa gari, kowa ya duƙufa yin banda da tara ruwa, har shekarar ɗumi ta zo ta wuce ba a rasa rai ba.

Tun makon farko na gane warin. Tudun da tsuntsayen ke haƙa ramukansu a cikinsa, mai kaurin tsayin mutum uku, shi ne farar ƙasar da nake nema. Kashinsu ne da na kakannin kakanninsu, ya taru ya daskare. A cikinsa kaɗai ake samun sanyin da ƙwai zai rayu. Da shekara ta cika na gaya wa Inna halin da na baro gida. Sai ta kai ni wani gefe da tsuntsaye suka daina zama, ta ce in cika taiki ɗaya.

"Ɗaya, Arzika. Kuma hanyar da ta kawo ka, ka bar ta a cikinka."

"Na yi alkawari, Inna. Allah ne shaida."

Masunta suka raka ni har inda na sami jirgin da ya mai da ni Bakin Gishiri, na kama hanyar gida. Abin da taikin nan ya yi a gonar mahaifina ba ya faɗuwa. Gero ya fi mahayin raƙumi tsawo. Mutane suka riƙa zuwa daga garuruwa suna kallo. Bayan kallo sai roƙo. Mata suka zo da 'ya'yansu masu kumburin ciki suka zauna a ƙofar gidanmu. Dattawa suka ce, "Arzika, kai kaɗai za ka ƙoshi?" Na yi wata biyu ina cewa na yi alkawari. A wata na uku na fara ce wa kaina tudun nan yana da girma, jirgi ɗaya ba zai rage shi da komai ba. Ba wanda ya ɗaure ni, ba wanda ya doke ni. Da ƙafata na koma Bakin Gishiri na nemi Korau.

Da ya gan ni da rai bai ko razana ba. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Jirgi ɗaya, tafiya ɗaya. Na ji." Na nuna masa yadda ake jefa guga a nemi sanyi. Ranar tashi na fito gaɓa na tarar da jirage tara.

"Maigida, ba haka muka yi ba."

"Rakiya ce, ɗan tudu. Teku ba ta da tabbas."

Inna Hakama tana tsaye a kan tudu sa'ad da muka iso. Ta dubi jiragen ɗaya bayan ɗaya, sannan ta dube ni. Na durƙusa na fara bayani, yunwa, yara, dattawa. Ta bari na gama.

"Na ji yunwarku," in ji ta. "Wa ya je ya ji tasu?" Ta nuna tsuntsayen da sanda, ta juya ta tafi.

Aka sauke diga da shebur. Korau ya raba wa mazan ƙauyen tukwanen ƙarfe da turamen yadi, suka ajiye taru suka kama haƙa. A kwana na farko aka fasa ramuka fiye da ɗari. Tsuntsayen ba su gudu ba, ba su san gudun mutum ba. Suka tsaya a gefe cikin rana suna kallon inda gidajensu suke dā. Na ga wata ta tura ƙwanta da baki zuwa ƙarƙashin cikinta a kan dutse mai zafi, ta tsaya a kansa tana haki tun hantsi har azahar, sannan ta faɗi. Ɓeraye suka sauko daga jiragen ta kan igiyoyi suka shiga shan ƙwai. Da ɓerayen suka dami buhunan abincin matuƙa, sai jirgin da ya dawo ɗauka ta biyu ya zo da kyanwoyi. Kyanwoyin suka ga 'yan tsaki sun fi ɓera sauƙin kamu.

Wata biyar ana haka. Na roƙi Korau, ya ce gobe. Na sake roƙo, ya ce jibi. Ranar da na tsaya a gaban masu diga na ce sai dai su sare ni, ya sa aka ɗaure ni a jikin dogon itacen tsakiyar jirginsa, cikin rana.

"Ka sha iska a nan har hankalinka ya dawo," in ji shi, da sanyin muryar nan tasa.

Kwana biyu ina ɗaure. A rana ta biyu wani matuƙi ya ji tausayina ya jawo ruwan teku ya kwara mini. Ruwan ya sauka a jikina da ɗumi kamar na wankan jego. Gabana ya faɗi, don na san ma'anarsa. Amma a cikin faɗuwar gaban na hango ƙofa. Na ɗaga murya yadda duk jirgin zai ji.

"Kai, sake jawowa ka sa hannunka! Ina sanyin?"

Ya jawo, ya taɓa, ya dubi 'yan'uwansa.

"Kogin da ya kawo ku yana mutuwa," na ce. "Idan ya mutu, iska ma ɗaukewa take yi. Waɗanda suka yi kwana goma sha ɗaya a tsaye tare da ni, ku gaya wa sauran yadda abin yake. Wancan kwana goma sha ɗaya ne. Wannan shekara ce."

Zancen iskar ban tabbatar da shi ba, na dai san inda tsoronsu yake. Kafin la'asar kowane jirgi ya jefa gugarsa ya ji ɗumi. Matuƙa suka kewaye Korau suna ihu, a karon farko na ga sanyin muryarsa bai yi masa amfani ba. Suka kwance ni don in nemo musu ragowar sanyin da zai fid da su. Na tsaya a goshin jirgi ina jefa guga har na dora su a kan ɗan siririn abin da ya rage, sannan na ajiye gugar na faɗa ruwa na yi iyo zuwa gaɓa. Ba wanda ya tsaya nemana. Daga baya na ji cewa da suka isa gida sun baza labarin kogin ya mutu har abada, shi ya sa ba jirgin da ya sake zuwa.

Na fito ina tsammanin na yi abin kirki. Na tarar da Inna zaune a bakin wani fasasshen rami.

"Inna, sun tafi. Amma teku ta yi ɗumi."

"Na ji a ƙafata da safe," in ji ta. "Da safen nan, Arzika. Dā da wata huɗu nake sani. Na ga ba ƙwai, na ce diga ce ta hana su. Ta yaya zan bambance?"

Shekarar ɗumi ta same mu babu banda ko kwando ɗaya, don maza suna haƙa lokacin da ya kamata su kama kifi. Tukwanen ƙarfe suka cika ƙauye, ba abin dafawa. Aka ci ƙaguwa, aka ci ciyawar teku. Aka binne tsofaffi shida da jarirai huɗu. Gida arba'in suka ɗaure kaya suka shiga kwalekwale neman wata gaɓar, ba su dawo ba. Tsuntsayen kuwa sukan fita tun asuba su yi nisa neman kifi, su dawo ƙirjinsu kamar wuƙa, ba inuwar da za su shiga. Kowace safiya igiyar ruwa takan jera gawarwakinsu a kan yashi.

Inna ba ta kore ni ba, ba ta kuma yi mini magana ba sai ta aiki. "Ɗauko wancan." "Kawo nan." Ta fara jera baƙaƙen duwatsu tana yin 'yan ɗakuna masu ƙaramar ƙofa, a rufe da faffaɗan dutse, a tsuke da ciyawar teku, ƙofar tana kallon iska. Ni ke ɗauko duwatsun daga gindin dutse mai hayaƙi, tafiyar rabin yini. Na saƙa tarkuna na kama kyanwoyi ashirin da uku, masunta suka kai su wani tsibiri da ba tsuntsu. Ɓeraye kam har yau ina fama da su.

Wata goma sha huɗu kafin sanyi ya dawo. Ranar da muka tsaya ƙidaya da yamma, a gaɓar da dā ba a ganin dutse, tsuntsu tamanin da ɗaya suka fito daga ruwa. Inna ta sake ƙirgawa, ko ta yi kuskure. Ba ta yi ba.

Tsuntsayen sun ƙi ɗakunanmu har wata biyu. Sannan wata safiya ta leƙa ɗaya ta daɗe a sunkuye. Ƙafafunta sun riga sun kumbura a lokacin, ni ke riƙe ta. Ta ɗago ta ce, "Biyu." Na durƙusa a wurin na kama gefen zanenta.

"Inna, ki yafe mini."

"Nawa na yafe tun ranar da na ga raunin da igiya ta yi maka," in ji ta. "Na waɗanda muka binne, da na waɗannan, ba a hannuna yake ba. Tashi, rufin can ya karkace."

Ba ta ga ƙyanƙyasar ba. Muka binne ta a kan abin da ya rage na farin tudun. Ba ta bar 'ya ba, sai matan ƙauyen suka miƙo mini sandarta ba tare da sun dube ni ba.

Shekara talatin da huɗu ke nan. Shekarar ɗumi ta zo sau biyar, sau biyar na faɗa wa gari a kan lokaci. Ɗakunan dutse sun kai ɗari uku, tsuntsayen sun haura ɗari shida. Yaran da aka haifa bayan abin suna cewa suna da yawa. Ba na musa musu.

Bara iska ta jefo wani bafatake gaɓarmu, jirginsa ya tsage. Da ya buɗe baki na ji harshen ƙasarmu. Na zaunar da shi, na ba shi ruwa, na tambaye shi Tudun Marke, ko akwai sauran mai rai a can bayan farar ƙasar ta ƙare.

Ya yi dariya. "Baba, Tudun Marke ai ita ke ciyar da maƙwabta yanzu. An ce dā can an taɓa kawo wani farin taki daga teku, ya yi damina biyu ya ƙare, aka koma 'yar gidan jiya. Daga baya ne suka shirya da makiyaya, shanu suna kwana a gonaki da rani, suka riƙa haɗa gero da wake, suna hutar da gona shekara guda cikin uku. Shi ke nan fa."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba."

Na tambaye shi ko ya san gidan Nomau. Ya ce akwai wata unguwa mai wannan suna, amma bai san dalili ba. Da aka gyara masa jirgi zai tafi, ya ce in ina da saƙo zuwa gida ya kai.

Na ce, "In wani ya tambaya, ka ce ka ga wani tsoho a can yana ɗaukar duwatsu."

Ya jira ko zan ƙara. Na ɗauki sandata na juya. Rana ta fara zafi, akwai ɗakuna biyu da ruwa ya rusa a gefen kudu, masu su kuma suna tsaye a waje suna haki.

Iyakar abin da ya same ni ke nan, na faɗe shi yadda ya faru, ban rage laifina ba ban kuma ƙara wa kowa nasa ba. Allah ya jiƙan Inna Hakama, ya jiƙan goman da muka binne.